Kircin Yara: Shin Laifin Abinci Ne?

A ajina akwai wata yarinya da ba ta iya zama sai susa, har hannunta ya yi jini. Da na ziyarci uwarta, sai na tarar ta hana ta ƙwai da nono da kifi da gyaɗa, wai maƙwabta sun ce su ke kawo ciwon. Yarinya ta rame, ƙaiƙayi kuwa yana nan.

Wannan ciwo shi ne kirci, wanda likitoci ke kira ekzima. Ba ƙazuwa ba ne, ba kuwa makero ba, kuma ba a ɗaukarsa. Yawanci gado ne, musamman a gidan da ake fama da asma. Fata ce ke bushewa ta tsage. Jarirai yakan fito musu a kumatu, manyan yara kuwa a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, ya kuma tsananta da hunturu.

Abinci ba shi ne tushen ciwon ba. Amma wasu yara, musamman ƙanana masu kirci mai tsanani, madarar shanu ko ƙwai ko gyaɗa ko waken suya kan tayar musu da shi. In kina zargin wani abinci, sami littafi ki riƙa rubuta abin da yaro ya ci da yadda jikinsa ya kwana, ki kai wa likita. 'Yan makaranta, ga inda za ku taimaki iyayenku. Kada ki hana yaro abincin gina jiki da ka, don gudun kirci kada ya jawo tamowa.

Wani bincike da aka yi a Ingila, aka bayyana a 2015, ya nuna cewa fara ba jarirai gyaɗa da wuri yana rage musu haɗarin jikinsu ya ƙi ta. Saboda haka ki shayar da nono zalla wata 6, sa'an nan ki fara kunun gyaɗa kaɗan-kaɗan, ban da ƙwayar gyaɗa don kada ta shaƙe shi. In kircin ya yi yawa, fara ganin likita tukuna.

Yi masa wanka da ruwa mai ɗumi, ban da soso da sabulu mai ƙamshi. Shafa masa man kaɗanya ko basilin tun jiki bai bushe ba. Sa masa tufafin auduga, ki yanke masa farce.

In ya ci abu leɓɓansa suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, garzaya asibiti nan take.

Allah ya raya mana su. Sai mun sake saduwa.