Adon Harshe a Bangon Ƙofar Ƙaura

Duk ɗalibin da ya zauna ajin Hausa a Katsina ya san kalmomin nan: kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, alamtarwa, kambamawa. Masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo, mai Gadon Feɗe Waƙa, da Sa'idu Muhammad Gusau sun sha wahalar tsara su domin nazarin waƙa. Abin da ke damuna shi ne yadda yaranmu ke haddace su don jarrabawa, da an karɓi takarda kuma su bar su a ƙofar aji, alhali garin da suke tafiya a cikinsa cike yake da abin feɗewa.

Mu fara da kirarin garin kansa, ta Dikko ɗakin kara. Ba a ce Katsina kamar ɗaki take ba, an ce ita ce ɗakin. Wannan ita ce siffantawa, kuma ta fi kamantawa ƙarfi domin ta kawar da "kamar" ɗin da ke raba abu biyu. Sannan a rubutun boko kalmar "kara" tana iya zama karan dawa, tana iya zama karar da ake yi wa baƙo da surukai. Bakatsine kuwa ta biyun yake ji, shi ya sa ake kiran jihar gidan karamci. Jingina garin ga Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ma salo ne: an ɗauki mutum guda ya tsaya a madadin zamani sukutum.

To, hoto ma harshe gare shi. Ka tsaya a Ƙofar Ƙaura lokacin yaƙin neman zaɓe ka dubi fasta ɗaya da kyau. Fuskar ɗan takara ta cinye rabin takardar, an ɗauke shi daga ƙasa yana kallon nesa, babbar riga ta sha aiki, hula ta zauna daram. Wannan kambamawa ce, irin wadda Mamman Shata ya yi wa kansa a Bakandamiya, sai dai nan ba kalangu. Can a kusurwar sama kuma ga ɗan hoton wani babba da jama'a ke ƙauna. Ba a rubuta komai tsakaninsu ba, amma an gaya maka cewa wannan tamkar wancan yake. Mai zanen ya yi kamantawa ba tare da ya furta kalma ɗaya da za a kama shi da ita gobe ba. Nan ne hoto ya fi magana haɗari, domin magana ana musanta ta, hoto kuwa shiga yake yi ta ido ya zauna.

Alamtarwa ita ce ta fi daɗewa a siyasarmu. A zaɓen 1979, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna (sai a 1987 ta samu tata jihar), PRP makulli ta riƙe, NPN kuma gida da masara. Ɗaya tana cewa akwai ƙofar da aka kulle wa talaka, ɗayar tana alkawarin matsuguni da abinci. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta karanta saƙon nan tsaf. Yau ga lemar PDP mai alkawarin inuwa, ga tsintsiyar APC mai ma'ana biyu: shara, da kuma haɗin kai, tunda tsinke ɗaya ba ya share ɗaki.

Yanzu bangon ya koma cikin waya. Hoton da aka yanke gefensa aka turo a WhatsApp, da gajeren rubutu a ƙasa, sau da yawa habaici ne ko gugar zana, wani lokaci ma zambo tsagwaronsa. Wanda ya iya gane habaici a bakin kishiya ya kamata ya iya gane shi a nan.

Saboda haka ina roƙon malaman Hausa, daga sakandare har Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, su riƙa shigo da fasta aji tare da waƙa. A manna ta a allo, a tambayi yara wa aka girmama, wa aka ƙanƙanta, me aka yanke, kuma wane ne ya biya kuɗin bugawa.