Alkawari kawu ya yi ko fata? Sharaɗi a bayan “ya ce” a Ingilishi

Ƴan'uwa ɗalibai, musamman masu fuskantar BEPC bana, akwai wata gaɓa a darasin Ingilishi da ke kayar da mutane da yawa, alhali ba ta da wuya in an kama bakin zaren. Wani ne ya faɗi magana mai sharaɗi, wato mai if a cikinta, kai kuma aka ce ka ruwaito ta, ka fara da he said ko she told me. To, me zai sami fi'ilan da ke cikin jumlar?

Abin da ya sa muke tuntuɓe a nan shi ne Hausa ba ruwanta da wannan lissafi. A ce kawu manomin albasa ne a Galmi, ya ce maka: “Idan na sayar da albasa, zan biya kuɗin makaranta.” Ko gobe ka tashi ba da labari, ko baɗi, cewa za ka yi: kawu ya ce idan ya sayar da albasa zai biya. “Na” ya koma “ya”, “zan” ya koma “zai”, shi ke nan. Larabci ma haka yake, mudari'i yana nan a mudari'insa bayan ƙala. Ingilishi kuwa, muddin fi'ilin ruwayar ya shuɗe, irin su said, told, promised, warned, explained, to fi'ilan da ke biye sai sun ja da baya taki ɗaya. Sell ya koma sold, will ya koma would, can ya koma could, may ya koma might. Wanda ya riƙe Faransancinsa ya riga ya san hanyar, don a can ma si je vends, je paierai yana komawa il a dit que s'il vendait, il paierait.

Ga maganar kawu da Ingilishi: “If I sell the onions, I will pay your fees.” Wannan shi ne sharaɗi mai yiwuwa, wanda littattafai ke kira na ɗaya. Shi ne “idan” ɗinmu, shi ne kuma in da muka haddace cikin jawazim a Ajrumiyya. In ka ruwaito sai ka ce: “He said that if he sold the onions, he would pay my fees.” Ku lura your ma ya koma my, tunda kuɗin naka ne.

Yanzu ku dubi jumlar nan da kyau. If, sannan sold, sannan would. Ai wannan ita ce kamar sharaɗi na biyu sak, wanda ake yi wa abin da mai magana ba ya tsammanin zai faru. Da kawu ya fid da rai, kasuwa ta faɗi, albasa na ruɓewa a rumbu, abin da zai ce shi ne: “If I sold the onions, I would pay your fees.” Wato da dai zan samu in sayar, da na biya. In ka ruwaito wannan ma, jumlar da za ta fito ita ce waccan ɗin, ba ƙari ba ragi. Magana biyu ke nan, ɗaya alkawari, ɗaya fata, amma a bakin mai ruwaya riga ɗaya suka sa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da zai je gaban shugaban makaranta ya faɗi abin da kawunsa ya ce. Shugaba zai so ya san ko ya jira kuɗin ne ko kada ya jira.

Masu harshen suna da mafita. In har maganar tana nan da ranta, albasar ba a sayar ba tukuna, ranar biya ba ta zo ba, ba dole ne a ja da baya ba. “He said that if he sells the onions, he will pay my fees” Ingilishi ne ingantacce, kuma a ganina ya fi fayyace cewa alkawari ne. Ko kuma ka sauya fi'ilin ruwayar, ka ce he promised a maimakon he said, kowa ya ji ya san inda aka dosa. Amma a takardar jarrabawa, in an ba ka jumla aka fara maka da he said, to ka ja da baya, don abin da mai gyara ke son gani ke nan. In kuwa da he says aka fara, ba abin da zai motsa sai lamiri.

Sharaɗi na biyu shi ne inda masu ƙwazo ke wuce gona da iri. Sun ji an ce a ja da baya, sai su ja komai. Kawu ya ce: “If I had a lorry, I would take the onions to Kumasi myself.” Da ina da babbar mota, da ni zan kai albasar Kumasi da kaina. Had ɗin nan ba labarin jiya yake bayarwa ba. Siffar madi ce kawai aka ara don a nuna abin babu shi yanzu, kamar yadda lau take shiga kan madi a Larabci. Saboda haka a ruwaya barin sa ake yi: “He said that if he had a lorry, he would take the onions to Kumasi himself.” In ka matsa masa ka ce if he had had a lorry, he would have taken, to ka mayar da maganar ta wata dama da ta riga ta wuce, alhali kawu halin da yake ciki yau yake faɗa. Ana jin irin wannan a labarin da ya daɗe da ƙarewa, amma ku dai ku bar shi yadda yake, ya fi tsira. Haka nan “If I were you” ba ta sauya were ɗinta: “She said that if she were me, she would wait.” A hira za ku ji ana cewa was, ba laifi ba ne, sai dai a rubutu were ya fi karɓuwa.

Na uku ba ya buƙatar dogon bayani. “If I had sold them last week, I would have paid.” Da na sayar makon jiya, da na biya. Had sold ya riga ya kai bango, babu sauran bayan da zai ja. Lamiri kawai za ka gyara, da last week da zai koma the week before. Shi ma sharaɗin da ke faɗin abin da kullum haka yake, ana iya barin sa: “The teacher said that if you heat ice, it melts.” Ƙanƙara ba ta daina narkewa ba don malam ya gama darasi.

Akwai kuma lokacin da jawabin sharaɗin umarni ne. Inna ta ce: “If you see your brother, call me.” Umarni ba ya shiga bayan that. To ake sa masa, kuma an fi kawo shi gaba, sharaɗin ya biyo baya: “She told me to call her if I saw my brother.” Hani kuma not to: “She warned me not to go out if it rained.” Ku tuna tell sai da wanda aka gaya wa, told me, told us, shi kuwa say ba ya ɗaukar mutum kai tsaye. She said me babu shi a Ingilishi, komai yawan jin sa a bakin mutane.

Saura tarko na ƙarshe, kuma a nan Bahaushe ya fi Bature gata. Ingilishi na da if iri biyu. Ɗaya “idan” ne, ɗaya “ko” ne. Mu kalma biyu muke da su, su kalma ɗaya ta haɗa musu, haka ma si na Faransanci. Ka'idar da aka koya mana tun ajin farko na kwaleji cewa ba a sa will ko would bayan if, ta if ɗin sharaɗi ce. Bayan ask, wonder, ko don't know kuwa, if tambaya yake ɗauke da ita, kuma will da would suna zama bayansa lafiya lau. Yaya ta tambaya: “Will you come?” Ruwayarta: “She asked if I would come.” Ta tambaya ko zan zo. Wasu sai su ga would bayan if su soke shi, su rubuta if I came, ma'ana ta tashi daga “ko zan zo” ta koma “ko na zo” ko “ko ina zuwa”. Gwajin mai sauƙi ne: fassara jumlar da Hausa a zuciyarka. In “ko” ya fito, tambaya ce, kana ma iya sa whether a wurin. In “idan” ko “da” ya fito, sharaɗi ne, whether ba ya shiga.

Wani lokaci su biyun sukan haɗu a jumla ɗaya. Yaya ta ce: “Will you come if it rains?” Mai ruwaya zai ce: “She asked if I would come if it rained.” If na farko “ko” ne, shi ya sa would ya bi shi. Na biyu “idan” ne, shi ya sa rains ya koma rained, ba would rain ba. Jumlar daidai take, amma if biyu a jere nauyi gare su a kunne, don haka a rubutu gara a ce: “She asked whether I would come if it rained.”