Doki A Turke Da Sojan Da Yaƙi Ya Biyo Shi Gida

 A wannan fitowa mun ɗan ajiye maganar farashin bijimai da kuɗin mota, domin wani al'amari da muka ga ya kamata mu fahimce shi tare.

Akwai wani dattijo, tsohon soja, da ya taɓa yi mana gadi a kara. Mutum ne mai natsuwa, ba ya cin haƙƙin kowa. Amma ranar da tayar wata tirela ta fashe a bakin titi, sai muka gan shi kwance rub-da-ciki ƙarƙashin benci, jikinsa na ɓari, ya fi rabin awa bai gane mu ba. Yara suka yi ta dariya, wasu manya suka ce iska ce. Daga baya ne iyalinsa ta shaida mana cewa ya yi shekaru ba ya barcin kirki, kuma ko ƙaurin naman da ake babbakawa ba ya so. Abin da muka lura da shi kuwa, wuri ɗaya ne yake samun sakewa, wato gindin turken wata tsohuwar goɗiya da wani ɗan'uwanmu ya sauko da ita daga arewa. Can zai zauna yana cire mata kaska yana shafa wuyanta har la'asar.

A lokacin mun ɗauka son dabba ne kurum. Ashe abin yana da suna a wurin likitoci.

Ciwon shi ne wanda suke taƙaita sunansa da PTSD, mu kuwa sai mu ce firgicin da ke biyo bayan bala'i. Likitocin Amurka sun sa shi cikin jerin cututtuka a 1980, bayan sun ga halin da sojojinsu suka komo da shi daga yaƙin Biyetnam. Alamominsa su ne mugun mafarki, da ganin abin da ya wuce kamar yanzu yake faruwa, da saurin razana, da fushi ba dalili, da guje wa mutane. Jiki ya bar fagen daga, amma zuciya na can tana gadi. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma ragwanci ba.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar Turawa ce. Sojojin Nijeriya sun shiga Laberiya a 1990 ƙarƙashin rundunar Ekomog, sannan Saliyo, sannan ga yaƙin Boko Haram tun 2009. A nan Jumhuriyar Benin kuma, tun harin Porga na ƙarshen 2021 arewa ba ta zauna lafiya ba. A watan Janairu na 2025 an kashe sojoji 28 a kan iyakar ƙasashe uku, kuma gwamnati ta ce an kashe 54 ran 17 ga Afrilu na wannan shekarar a yankin gandun dajin W. Waɗanda suka tsira daga irin waɗannan ranaku za su dawo cikinmu, wasunsu ma ƙannenmu ne da surukanmu.

To ina doki ya shigo?

Yin magani da hawan doki ya samu karɓuwa a Turai bayan wata mata 'yar Denmak, Lis Hartel, wadda shan inna ya shanye mata ƙafafu, ta zo ta biyu a gasar dawaki ta Olamfik a Helsinki a 1952. A 1969 aka kafa ƙungiyoyin hawan doki domin naƙasassu a Ingila da Amurka. Da yaƙin Iraƙi da na Afganistan suka komo da dubban sojoji masu rauni, sai ƙungiyar ta Amurka, wadda yanzu ake kira PATH International, ta buɗe shiri na musamman domin tsofaffin sojoji.

Bincike biyu sun fi jan hankalinmu. A Jami'ar Misuri an gwada tsofaffin sojoji 29, ana ɗora su bisa doki sau ɗaya a mako har mako shida. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna alamomin ciwon sun ragu bayan mako uku, suka ƙara raguwa bayan shida. Na biyun ya fi ba mu mamaki. A Jami'ar Kolumbiya ta Niyok an ɗauki mutum 63, suna zuwa barga ƙungiya-ƙungiya, minti 90 kowane mako har mako takwas, kuma babu wanda ya sa ƙafa a likkafa. Shafa ce kawai, da taje geza, da jan ragama. Rahoton 2021 ya ce kusan rabinsu sun samu sauƙi a fili, kuma sauƙin bai gushe ba bayan wata uku. Wato dai abin da dattijonmu yake yi a gindin turke ke nan, ba tare da kowa ya rubuta masa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya tashi cikin dabbobi. Doki dabba ce da ake farauta a daji, saboda haka kullum a cikin shiri yake. Idanunsa a gefe suke, yana ganin kusan ko'ina ban da bayansa daidai wutsiya, kunnuwansa na juyawa, har barci yakan yi a tsaye. Ka ga ke nan halinsa ɗaya da na mai wannan ciwo. In ka tunkare shi da gaggawa, numfashinka sama-sama, zai ja baya ya kwantar da kunne. In ka sassauta, ka saki kafaɗa, ka yi magana ƙasa-ƙasa, sai ya sauke kai. Sojan da ya shekara goma bai iya gane lokacin da ransa ke tashi ba, ga shi yanzu yana gani ƙuru-ƙuru a jikin doki, kuma dole ya kwantar da kansa in yana so dabbar ta tsaya. Bugun zuciyar doki mai hutawa bai cika wuce 40 a minti ba, na mutum kuwa 60 ne zuwa sama, to tsayawa jingine da irin wannan jiki kaɗai wani abu ne. Bugu da ƙari, doki ba ya tambayar ka me ka yi a daji, ba ya kuma kai labarinka majalisa. Sannan ga ɗawainiya: a ba shi ruwa, a zuba harawa da dussa, a share barga. Mutumin da ya daina fita ɗaki ya samu dalilin tashi da asuba.

Amma fa mu faɗi gaskiya kamar yadda muke faɗin aibin sa kafin a yi sallama. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma a binciken Kolumbiya ba a ware wasu da ba su je barga ba domin a kwatanta. Likitocin sojan Amurka har yanzu maganin zama da gwani a yi ta warware abin da ya faru suke sa wa a gaba, da ƙwayoyi in da buƙata. Doki taimako ne a kai. Wanda ya fara maganar kashe kansa, ko yake dukan iyali, ko ya faɗa shaye-shaye, asibiti za a kai shi yau, ba turke ba. Addu'a tana da wurinta, ba ta kuma hana ganin likita.

Mu dawaki ba baƙinmu ba ne. Wanda ya taɓa ganin Gani a Nikki lokacin Mauludi, ko mahayan Jugu, ko Hawan Daushe a Kano, ya san haka. Sai dai dokin da ake yabo a can, ingarma mai tsalle da haniniya wanda aka saba masa da ƙaimi da linzami mai kaifi, shi ne ainihin wanda bai dace da wannan aiki ba. Ana son goɗiya mai shekaru ko dandaƙaƙƙe, wanda yaro zai bi ta gabansa bai motsa ba, wanda ba ya cizo ba ya harbi, ba ya kuma zabura don ƙarar babur. Irin wanda mukan karya wa farashi mu ce ya mutu a tsaye. In za a hau ma, tafiya ce a hankali, mutum ɗaya riƙe da ragama, wani a gefe, babu sukuwa babu bulala.

A nan bakin teku kuma sai an yi hattara, domin doki ba ya jure sammore, ga tsando a fadamu, ga laima mai ɓata kofato. Duk wanda zai ajiye shi a Seme ya tanadi busasshen wuri mai rufi, ya kuma riƙa kiran malamin dabbobi.

Abu na ƙarshe, ba soja kaɗai wannan ciwo ke kamawa ba. Muna da direbobi da 'yan rakiyar shanu da 'yan fashi suka tare a hanya, muna da waɗanda aka yi garkuwa da su aka biya fansa. Wasu tun daga ranar ba su sake yarda su hau motar dare ba, mu kuma muka ce sun lalace muka nemi wasu. Duk maigidan da yake da irin wannan yaro a hannunsa, ya zo da maganar taron wata mai zuwa, a ga ko za a haɗa masa kuɗin ganin likita, a kuma ba shi aikin kula da dabba a kara kafin ya koma hanya.