Babi na Bakwai: Lemun Tsami

Duk da yadda ya saje da mu, lemun tsami baƙo ne. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya, wajen Malesiya da Indonesiya, kuma ruwa biyu ne, daga barbarar wasu lemuka biyu ya fito. Fatake Larabawa suka kawo shi Masar da Arewacin Afirka, daga baya Turawan Sifen suka tsallaka da shi nahiyar Amurka. Siffarsa kowa ya sani: gajeriyar bishiya mai ƙaya, 'ya'ya ƙanana masu siririn ɓawo.

Har gobe akwai masu cewa wai lemun zaƙi ne da bai nuna ba. Haba jama'a! A bar shi a bishiya har ya yi rawaya ya faɗo da kansa, tsaminsa na nan daram. Ana tsinkarsa kore ne domin ya fi ƙamshi, ya fi kuma jure hanyar kasuwa.

Amma maganar da ta fi damuna ita ce ta ruwa. Nasarawan Doya, kamar sauran ƙasar Makarfi da Kudan, gidan rake ce, kuma manomin rake ya tashi da sanin cewa fadama ita ce uwar albarka. Sai ya samo dashen lemo ya kafa a tsakiyar laka, yana ganin gata ya yi masa. Kashe shi ya yi. Saiwoyin lemun tsami ba sa nisa cikin ƙasa, iska suke so. Ruwa ya kwanta a gindinsa cikin watan Agusta, sai cuta ta shiga, ɓawo ya tsage, ƙaro ya riƙa tsatstsafowa, ganye ya yi rawaya ya zube. Daga nan a ce gara ce, wani ma ya ce sammu. Ba gara ba sammu, ruwa ne. Wurinsa tudun da ke gefen fadama, inda ƙasa ke tsanewa da wuri. A ɗan tula ƙasa a dasa shi bisa, a bar tazarar mita 5 zuwa 6, ban ruwa kuma a kewaye, kada ya taɓa kututture. Ɗan ƙishin rani ma amfani yake masa: in ya yi makonni ba ruwa sannan aka shayar da shi, sai ya ɓarke da fure. Mai rijiya da injin ban ruwa na iya amfani da wannan ya sami 'ya'ya lokacin da lemo ya yi tsada.

Masu ɗaukarsa maganin kowace cuta kuwa, ga labarin sojan ruwan Ingila. A 1747 likita James Lind ya gwada lemo a kan matuƙan da dasashinsu ke zubar da jini, suka warke; a 1795 aka fara raba wa mayaƙa ruwan babban lemon nan mai rawaya na Bahar Rum. Da aka koma ba su irin namu daga tsibiran Karebiyan, ciwon ya sake ɓulla a wasu tafiye-tafiye, domin sinadarin bitamin C ɗinsa bai kai na wancan ba. Tumbi ma lemun tsami ba ya narkar da shi, ko an sha da ruwan zafi kullum asuba.

Batun iri da sauƙi. Ƙwayarsa kan fito da kamannin uwa, don haka ba dole sai an yi masa aure ba, illa mai aure ya fi saurin haihuwa. A shuka ƙwayar da ɗanyenta, in ta bushe ba ta cika tsirowa ba.