Asalin Kalmar "Komprar" A Harshen Ido

Duk Bahaushen da ya ji an ce Ido, ba abin da zai faɗo masa a rai sai idon gani. To, akwai wani harshe mai wannan suna, wanda ba gadonsa aka yi daga kakanni ba. Masana ne suka zauna a birnin Faris cikin 1907 suka tsara shi, don gyara Esperanto, harshen da Zamenhof ya ƙago ya fitar a 1887. Ma'anar sunan ita ce "zuriya", watau ɗan Esperanto. Abin dariya kuwa, shi Zamenhof ɗin likitan ido ne.

Kalma guda ta isa ta nuna wa mai karatu inda ɗan ya saɓa wa uban. A Esperanto, saye shi ne "aĉeti", daga "acheter" ta Faransanci. Su Louis Couturat da Otto Jespersen, jagororin Ido, suna da ƙa'idar cewa kalmar da mutane mafi yawa za su gane ba tare da koyo ba, ita za a ɗauka. Da aka auna, "aĉeti" ba ta yi nauyi ba, ga kuma 'yar hular da ke kan harafinta, irin wadda Ido ya soke don sauƙaƙa wa maɗaba'a. Sai aka ɗauko "komprar", domin Italiyawa na cewa "comprare", mutanen Sifen da Fotugal kuwa "comprar". Tushensu duka "comparare" ce ta Latin, mai nufin tanada ko samo abu. Sarrafa ta ba wuya: "me kompras", ina saye, "me kompris", na saya, "me kompros", zan saya.

Sai dai ma'aunin nan da sauran magana. Harsuna 6 kawai aka ɗora a kansa: Jamusanci, Ingilishi, Faransanci, Italiyanci, Rashanci da Sifaniyanci. Ga ɗan kasuwar Kurmi, da "aĉeti" da "komprar" duk baƙi ne, ko da yake an ce harshen na duniya ne baki ɗaya.

Akwai kuma wani tarko. Latin tana da "comparare" ta biyu mai nufin kwatanta, ita ma ta shiga Ido a matsayin "komparar". Wasali ɗaya tak ya raba su, don haka mai koyo da ya ƙara "a" a tsakiya ya tashi daga sayen kaya ya koma kwatanta su.