Amurka: Kafin a ji muryar yaro, sai an ji nauyin aljihun ubansa

A ƙasar Amurka, kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo ilimi ne da ake karantawa a iniversite, kamar yadda ake karanta aikin likita ko na shari'a. Yaro yakan yi shekara 4 yana koyon waƙa ko wasa, a ba shi difulom, ya fita neman aiki a manyan gidajen wasa na birnin Niyok ko wurin masu yin silima a Los Anjalas. Mai karatu da ya saba ganin ɗan makaɗi ya gaji kalangu wurin ubansa zai yi mamaki, amma haka abin yake a can, kuma ba yau aka fara ba. Makarantar Carnegie Mellon ta birnin Pitsbag tana ba da difulom na wasan kwaikwayo tun shekara ta 1914.

An sha yin magana a kan tsadar wannan karatu, kuma gaskiya ne yana da tsada. A makarantar Juilliard ta Niyok, wadda sunanta ya fi na kowace fita, kuɗin karatu kaɗai, ban da ci da kwana, ya wuce dolar 50,000 a shekara ta 2023. Kada mai karatu ya ɗauka dalarmu ce ta tamma biyar. Dolar guda takan kama sefa 600, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. To, amma akwai wani kuɗi da ba a cika faɗinsa ba, watau wanda iyaye ke kashewa tun yaron bai shiga ba, tun ba a san ko za a ɗauke shi ba. Bursu ba ta taɓa wannan kuɗi, gama bursu sai wanda aka ɗauka. In yaro ya faɗi, abin da aka kashe ya tafi ke nan.

Kuɗin ƙwanƙwasa ƙofa

Wanda ke neman shiga iniversite a Amurka, ko wane irin karatu yake so, sai ya aika da dosiye, kuma makarantu da yawa suna karɓar tsakanin dolar 50 da 90 kafin su buɗe shi. Mai neman lissafi ko tarihi, daga nan sai ya zauna ya jira amsa. Amma mai neman waƙa ko rawa ko wasan kwaikwayo, ƙofa biyu gare shi. Sai iniversite ta yarda da makin da ya samu a lise, sa'an nan sashen da yake so ya gwada shi, ya tsaya gaban alƙalai ya nuna abin da ya iya. Shi ma wannan gwaji da nasa kuɗin daban a makarantu da yawa. Juilliard ta karɓi dolar 110 ga kowane dosiye a 2023, wajen jika 66 ke nan na kuɗinmu. Mafi ƙanƙantar ladan aiki da dokar gwamnatin tarayyar Amurka ta yanke, dolar 7.25 ne a awa guda, kuma ba a ƙara shi ba tun 2009. Uwar da ke aiki a kan wannan lada sai ta yi fiye da awa 15 kafin ta biya wa ɗanta dosiye guda.

Da makaranta guda ake nema, da abin ya zo da sauƙi. Amma wuraren kaɗan ne ƙwarai. Sashen wasan kwaikwayo na Juilliard, wanda aka buɗe a 1968, ba ya ɗaukar abin da ya wuce wajen mutum 18 a shekara, masu nema kuwa sukan kai wajen 2,000. Cikin mutum ɗari, da ƙyar ɗaya ke tsallakewa. Sauran makarantun da suka yi suna, irin su Carnegie Mellon da iniversite ta Mishigan da makarantar kiɗa ta Sinsinati, su ma aji guda ƙarami suke ɗauka. Har wa yau alƙalan ba gwaninta kaɗai suke dubawa ba. Suna haɗa aji ne kamar yadda ake haɗa ƙungiyar wasa: maza kaza, mata kaza, mai babbar murya, mai siririya, dogo da gajere. Yarinya na iya fin kowa iya waƙa, a bar ta don an riga an sami irin muryarta.

Saboda haka babu mai jefa ƙugiya guda cikin wannan kogi. Masu ba iyaye shawara sukan ce a nemi makarantu 12, ko 15, har ma 20. To, mu yi lissafi. Mu ɗauka yaro ya nemi 15, kowace ta karɓi dolar 75 na dosiye da 50 na gwaji. Ya kama dolar 1,875, watau sefa miliyan ɗaya da jika 125, alhali ko ƙofar gida bai fita ba tukuna. Ga kuma ƴan ƙananan kuɗi da ke bin baya. Takardar neman taimakon gwamnati kyauta ce, amma makarantu masu zaman kansu da dama suna da wata takardar da suke so a cika don a san ƙarfin iyaye, ita kuwa dolar 25 ce ga makaranta ta fari, 16 ga kowace da ta biyo, sai fa in an yafe wa mutum saboda ƙarancin abin da iyayensa ke samu.

Kafin a kira yaro gaban alƙalai, makarantu da yawa sukan yi tankaɗe na fari. Sai ya ɗauki hotonsa mai motsi yana waƙa, yana rawa, yana faɗin zancen mutum ɗaya daga cikin wani wasa, ya aika ta intanet a watannin Oktoba zuwa Disamba. A bisa manufa, wannan taimako ne, don wanda ba shi da rabo kada ya sha wahalar tafiya a banza. Amma wanda ya ɗauki nasa a ɗaki mai haske da tsit, da mai kaɗa masa fiyano da aka biya, ba zai yi daidai da wanda ya jingina wayarsa a madafa ƙannensa na kuka ba. Ana kuma son hoton fuska na musamman, irin wanda ƴan wasa ke miƙawa in suna neman aiki, kuma mai hoto na gwani yakan karɓi ɗaruruwan dolar.

A nan ne wata sana'a ta tsiro, ta masu horar da yara don gwaji. Su ne suka san waƙar da alƙalai suka gaji da ji, da zancen da ya dace da shekarun yaro, da makarantar da ke son kaza da wadda ba ta so. Awa guda wurinsu takan kai dolar 100 ko fiye, kuma ba awa guda ake yi ba, watanni ne. Masu hali kuma sukan tura ƴaƴansu horon hutun bazara, na ƴan makonni, a wurare irin su Interlochen ta jihar Mishigan ko a cikin iniversite ɗin kanta, a biya dubban dolar. Babu makarantar da ta ce dole sai an yi haka. Amma ranar gwaji, wanda ya sha horo da wanda bai sha ba layi ɗaya suke tsayawa, minti ɗaya ake ba su, alƙali kuwa abin da ya gani yake rubutawa.

Tafiya ta fi kome ci

Wanda ya tsallake tankaɗe, sai a kira shi ya zo da kansa, daga watan Janairu zuwa Maris, tsakiyar sanyi da ƙanƙara. Amurka ƙasa ce mai faɗi. Daga Niyok zuwa Los Anjalas wajen kilomita 4,000 ne, kusan sau uku na tafiyar Yamai zuwa Difa. Yaro ɗan shekara 17 ba a sakinsa shi kaɗai, yawancin otel ma ba su ba wanda bai kai 18 ba ɗaki. Ashe tikitin jirgi biyu ne, da otel, da abinci, da mota, ga uwa ko uba ya bar aikinsa na kwana biyu ko uku. Ma'aikacin biro na iya neman izini albashinsa bai taɓu ba. Wanda ake biya da awa kuwa, ranar da bai zo ba babu lada. In ƙanƙara ta hana jirgi tashi, a sake sayen wani tikitin.

Masu kiɗa nasu ya fi nauyi. Akwai wani babban goge da ake kira selo, wanda ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Mai shi ba ya yarda a jefa shi cikin kaya, don kada ya tsage, sai ya saya masa kujera a jirgi kamar mutum. Su ma masu rawar bale, takalmin da mata ke tsayawa da shi bisa yatsu yakan kai dolar 100, kuma ba ya daɗewa yake mutuwa.

Duk wannan wahala don ƴan mintoci ce. Yawanci ana son zance biyu, kowane bai wuce minti biyu ba, da gutsuren waƙa guda ko biyu. Wani ya yi tafiyar yini guda, ya kwana a otel, ya shiga ɗaki, kafin ya gama share zufa an ce masa an gode.

Don a rage tafiye-tafiye, makarantu fiye da 20 suka haɗa kai suna yin gwajinsu a wuri guda, abin da suke kira Unifieds. Ana yin sa a Niyok cikin Janairu, sa'an nan a Shikago da Los Anjalas cikin Fabrairu. Na Shikago ne ya fi cika, a wani tsohon otel mai suna Palmer House, inda kowace makaranta ke kama ɗaki, yara na hawa da sauka da takardun waƙa a hannu. Cikin kwana huɗu yaro na iya tsayawa gaban makarantu goma. Dabara ce mai kyau, ba a musu. Sai dai duk da haka sai an je Shikagon, an kwana huɗu a tsakiyar birni mai tsada, kuma in mura ta kama maƙogwaron yaro a wannan mako, makarantu goma sun tafi tare. Wasu makarantun kuma, bayan gwajin fari, sukan sake kiran waɗanda suka fi burge su zuwa gidansu don zagaye na ƙarshe. Abin murna ne, kuma sabon tikiti ne.

Ma'aikatanmu da suka taɓa shirya konkur sun san wannan magana ko ba a faɗa musu ba. In an ce wurin jarrabawa Yamai ne kaɗai, to an riga an rage ƴan Agadas da ƴan Ngigmi tun ba a raba takardu ba, kuma sunan waɗanda suka kasa zuwa ba ya fita a jerin waɗanda suka faɗi. Haka a Amurka, makaranta na iya ƙirga waɗanda ta ƙi ɗauka, amma ba ta da lissafin wanda ya duba kuɗin tafiya ya haƙura.

Gyaran da aka yi

Ba a ce ba a yi kome ba. Yawancin makarantu suna yafe kuɗin dosiye ga wanda ya kawo shaidar rashin hali daga lise ɗinsa, wasu har da kuɗin gwaji. Amma sai yaro ya san da wannan, ya kuma nema makaranta bayan makaranta, kuma yafiyar ba ta sayen tikitin jirgi.

Wasu manyan makarantu sun ɗauke kuɗin karatun gaba ɗaya. Makarantar kiɗa ta Curtis a birnin Filadelfiya ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1928. A 2021 wani attajiri mai suna David Geffen ya ba makarantar wasan kwaikwayo ta iniversite Yale dolar miliyan 150, ta daina karɓar kuɗi wurin ɗalibanta. Juilliard ma ta yi haka daga 2024 ga masu babban difulom na wasan kwaikwayo. Aikin alheri ne babba. Abin lura shi ne, makarantar da ta zama kyauta masu nemanta ƙaruwa suke yi, gasa ta ƙara zafi, sai wanda ya fi shan horo ya ƙara samun gaba. An buɗe rumbu, amma tsanin hawa yana hannun masu kuɗi.

Abin da ya girgiza tsarin ba shawarar kowa ba ce, annobar korona ce. A lokacin gwajin 2020 zuwa 2021, da aka hana taruwa, kusan duk makarantu suka koma gwada yara ta intanet, kowa daga garinsu. Nan aka ga ashe ana iya zaɓen ɗalibai ba tare da an hau jirgi ba. Bayan annoba ta lafa, wasu suka bar wannan hanya a buɗe, wasu suka koma gwajin ido da ido. Malaman kiɗa na da hujjarsu, gama na'ura ba ta kawo ƙarfin murya yadda take cika ɗaki, kuma mai koyar da rawa yana so ya gyara wa yaro tsayuwa ya ga ko yana ɗaukar gyara. Iyaye kuma, ko an ba su zaɓi, da yawa suna tsoron kada wanda ya je da ƙafarsa ya fi shiga ran alƙalai, sai su ci bashi su tafi.

A Ingila ma an yi wannan gardama. A 2017 jam'iyyar Leba ta fitar da rahoto a kan ƙarancin ƴaƴan talakawa cikin ƴan wasa, ta ambaci kuɗin gwaji cikin abubuwan da ke tare musu hanya, kuma a 2019 makarantar LAMDA ta Landan ta rage kuɗin zagayen fari zuwa fam 12. A Faransa, inda manyan makarantun wasa na gwamnati ne, babbar makarantar Pari ba ta barin mutum ya shiga konkur sai ya nuna ya yi horo na shekara guda, horon kuwa sau da yawa a makarantun kuɗi ake yin sa. Don haka a 2014 makarantar wasan kwaikwayo ta birnin Sant Etiyen ta buɗe aji na musamman, tana shirya ƴaƴan marasa hali don konkur ba tare da sun biya ba.

A Amurka, amsoshi kan fito cikin Maris da Afirilu. Wanda aka ɗauka, yawancin makarantu suna ba shi zuwa ranar 1 ga Mayu ya faɗi ko zai zo, ya kuma aika da kafin alƙalami na ƴan ɗaruruwan dolar don a riƙe masa wurinsa. A lokacin ne yake ganin takardar bursu, ya san ko abin da aka ba shi zai isa. Akwai waɗanda ke cin gwaji a makaranta uku ko huɗu, su duba abin da ya rage a biya, su mayar da takardun cikin ambulan. Waɗanda ba a ɗauka ko'ina ba kuwa, wasu sukan canja karatu, wasu su yi shekara guda suna aiki suna tara kuɗi, in Oktoba ta kewayo su sake ɗaukar hoto su aika.