Littafin Sauro da Littafin Tsando

Ko ka taɓa jin an rubuta littattafai biyar a kan sauro kaɗai? Kada ka yi dariya, mai karatu. An rubuta su, sun kuwa taimaka wajen ceton rayuka.

A birnin Landan na ƙasar Ingila akwai wani babban gida da aka buɗe a shekara ta 1881, inda ake ajiye halittu iri iri domin a yi nazarinsu. Akwai ƙwari da tsuntsaye, da busassun ganyaye, da duwatsu, da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe. Abubuwan da ke ciki sun kai wajen miliyan 80. Baƙi sukan tsaya su saki baki suna kallon manyan ƙasusuwa. Amma kaɗan ne suka san laburaren gidan, mai littattafai fiye da miliyan ɗaya. Akwai ma wanda aka buga tun 1469.

Wane sauro ne?

A 1897 wani likita mai suna Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya ga ƙwayar cutar zazzaɓi a cikin cikin sauro. Murna ta tashi, amma sai ga wata matsala. Sauro iri iri ne, ba kuwa dukansu ke ɗauke da cutar ba. Yaya likita zai rarrabe mai laifi da marar laifi?

Sai aka roƙi likitoci da ma'aikata a ƙasashe masu zafi su kama sauro su aika Landan. Wani masani, Frederick Theobald, ya zauna yana duba su ɗaya ɗaya, fiffike da ƙafa da baki. Yakan gwada abin da ya gani da abin da na dā suka rubuta, don kada a ba sauro ɗaya suna biyu. Gidan ya buga aikinsa daga 1901 zuwa 1910, littafi biyar.

Sai kuma tsando

Makiyayi ya san ɓarnar sammore a garke, tsofaffinmu kuma suna tune da ciwon barci. Ƙudan tsando ne ke yaɗa su duka biyu. A 1903 gidan ya buga littafin Ernest Austen a kan tsando, a 1911 kuma ya fito da wani, domin masu aiki a daji. Wani gwanin zane ɗan Italiya, Terzi, ya zana ƙudajen da launi, kamar za su tashi daga takarda. Da littafin a hannu, ma'aikacin lafiya ko na dabbobi yana iya kama ƙuda a bakin rafi, ya buɗe shafi, ya san ko wane iri ne. In an san irinsa, an san inda yake son zama, an san kuma inda za a tare shi.

Ka ga amfanin bugawa ke nan. Ƙwaron da aka soke da allura aka rufe a akwati, mutanen Landan kaɗai za su gan shi. Amma in an rubuta kamanninsa aka buga, sai ilimin ya yi ƙafa, ya kai inda cutar take.

Yau fa?

A 2006 wannan laburare ya haɗa kai da waɗansu irinsa na Ingila da Amurka, suka soma ɗaukar hoton tsofaffin littattafansu shafi shafi suna sa wa a intanet kyauta. Abin da dā sai an hau jirgin ruwa kafin a gani, yanzu ɗalibi yana iya karantawa ta waya.

To, a gidanka fa? Kaka ta san sunan kowace ciyawa a gona, ta san tsuntsun da ke zuwa gabannin damina. Wa ya rubuta? Ka saya wa yaro littafin rubutu da fensir, ka zaunar da shi kusa da ita da maraice. Da haka kowane laburare ya fara.